Masu gidan da ke fim ɗin Chabrol ba mugaye ba ne, nan zafin yake

Tun da fim ɗin Koriya ta Kudu Parasite ya lashe babbar kyautar Palme d'Or a bikin fina-finai na Cannes a 2019, masu shirya fim suka yi caa a kan labarin talaka da mai hannu da shuni. Yawancinsu hanya ɗaya suke bi: a kawo attajiri wawa marar imani, a wulaƙanta shi, 'yan kallo su yi shewa. Abin da ke ci mini rai shi ne masu sharhi da ke kiran wannan tona asirin zalunci. Ina tonon yake, alhali duk mai kuɗin da ya kalla zai ce ai ba da shi ake ba?

Faransawa sun riga sun nuna yadda ake wannan aiki. A 1995 Claude Chabrol ya fitar da La Cérémonie, labarin Sophie, 'yar aiki a gidan Lelièvre kusa da garin Saint-Malo a Faransa. Mutanen gidan ba sa zaginta. Maigida Georges, mai masana'antar kifin gwangwani, ya ce zai biya mata kuɗin koyon tuƙi, da ta ce idonta ba ya gani sosai ya kai ta a yi mata tabarau. Lafiyar idonta ƙalau. Karatu ne ba ta iya ba, kuma ta gwammace komai da a gane. Takardar cefane da uwargida ta bar mata ta zame mata tashin hankali, har sai da ta lallaɓa Jeanne, ma'aikaciyar gidan waya, ta buga odar a madadinta. A gidan da littattafai suka cika bango, ba wanda ya dube ta da kyau balle ya lura.

A duba Melinda, 'yar gidan, wadda ta fi kowa kare Sophie da baki. Ta tarar motar Jeanne ta mutu a hanya, ta gyara mata, sannan ta goge baƙin mai da hankicin Jeanne ta jefa mata abinta ta wuce. Taimako da raini a motsi guda, kuma ita ba ta ma san ta yi ba. Irin wannan ne ke taruwa a zuciya, har daren da iyalin suka zauna kallon wasan waƙar opera na Don Giovanni a talabijin, Sophie da Jeanne suka ɗauko bindigogin farautar maigidan suka harbe su.

Masu cewa labarin mahaukata biyu ne kawai suna neman wurin fakewa. Haka aka yi ta faɗa a kan Christine da Léa Papin, 'yan aikin da suka kashe uwargijiyarsu da 'yarta a Le Mans a 1933, don kada a tambayi irin zaman da aka yi a gidan. Chabrol bai wanke kisan ba, bai kuma mayar da Sophie waliyyiya ba: da Melinda ta gano sirrinta, barazanar tona cikin da yarinyar ke ɗauke da shi ta yi mata. Shi ya sa mai kallo ke rasa ɓangaren da zai tsaya hankalinsa kwance.

Masu zuba kuɗi a fim su daina sayen attajirin dodo. A ba mu maigida mai fara'a da ke biyan albashi kan lokaci, a ajiye kyamara a kicin da ɗakin saman da aka ware wa 'yar aiki, inda Sophie ke zama a ƙasa ita kaɗai gaban ƙaramin talabijin.