Wa ke hukunta mai sofroloji idan ya yi ɓarna?

Za a zaunar da kai a kujera, a ce ka rufe ido. Mai sana'ar zai sassauta murya, ya ce ka ja numfashi ta hanci, ka riƙe shi, ka dunƙule hannu da ƙarfi, sannan ka saki iskar da hannun a tare. Daga nan a bi jikinka gaɓa-gaɓa, tun daga goshi har yatsun ƙafa, kana sakin kowacce. Wannan ita ce sofroloji, dabarar rage damuwa da Faransawa suka runguma hannu bibbiyu, har ta shiga shirin haihuwa na masu juna biyu da ofisoshin kamfanoni.

Alfonso Caycedo, likitan ƙwaƙwalwa ɗan Kolombiya, shi ya ƙirƙiro ta a Madrid a 1960, daga baya ya je Indiya da Japan ya ƙaro dabaru daga yoga da zen, wato salon natsar da zuciya na mabiya Buddha. Ba ni da ja da dabarar kanta. Wanda numfashi a natse ya sa ya samu barci, madalla.

Inda nake da magana shi ne kan masu yin ta. A Faransa doka ta kare sunan masanin halayyar ɗan Adam tun 1985, ba mai rataya shi a ƙofa sai da digirin da aka gindaya. Sunan mai sofroloji kuwa ba shi da wannan katanga. Wanda ya shekara biyu yana koyo da wanda ya yi 'yan kwanaki a intanet, duk suna ɗaya suke bugawa a kati. Wannan giɓin ne ƙungiyoyi suka taso su cike: akwai Société Française de Sophrologie, akwai Chambre Syndicale de la Sophrologie, akwai ta makarantu, ga kuma almajiran Caycedo da suka ware da sunansu mai rajista.

A yi musu adalci, ƙa'idojinsu na da kyau. Suna hana mamba ya faɗa wa mutum cutar da ke damunsa, ko ya ce ya daina shan maganin likita, suna kuma wajabta riƙe sirri. Sai dai gwano ba ya jin warin jikinsa. Ƙungiyar da kuɗin mambobi ke riƙe da ita, wasu ma makarantun da ke sayar da horon ne a gindinsu, da wuya ta yi saurin korar ɗanta. A ce ma ta kore shi. Majalisar likitocin Faransa idan ta soke sunan likita, aikinsa ya tsaya cak. Korarren mai sofroloji kuwa sai ya cire tambarin ƙungiyar daga bango, gobe ya buɗe ƙofa kamar kullum, in ya ga dama ya shiga ta maƙwabta.

Abin da ya fi ba ni haushi, da aka zo tace masu sana'ar, ba ƙungiya ce ta yi ba. A 2022, bayan surutu kan wasu masu maganin tsirrai da abinci, shafin Doctolib da ake neman ganin likita ta cikinsa ya sanar zai cire kusan mutum 5,700 masu sana'o'in da doka ba ta tsara ba, masu sofroloji a ciki. Aka haɗa nagari da mugu aka share, don kamfanin bai samu ma'aunin da zai bambance su da shi ba. Cibiyar binciken lafiya ta Faransa, INSERM, ma da ta duba nazarce-nazarcen da aka yi, cewa ta yi ba su kai a yanke hukunci kan amfanin dabarar ba.

Don haka ina ganin aikin ƙungiyoyin nan na farko ba tallar mambobi ba ne. Su haɗu kan rajista guda, su riƙa wallafa sunan wanda suka kora da dalilin korar, su kuma nemi gwamnati ta ɗaure sunan sana'ar da doka, ko da hakan zai zubar da wasu daga cikin masu biya musu kuɗin shekara.