A naɗi muryar matuƙan jiragen yaƙin Indiya tun suna da rai, a kuma buɗe kundayensu

Da asubahin ranar 7 ga Satumba 1965, ana cikin yaƙin Indiya da Pakistan, jiragen Mystère na Ayari na 1 na rundunar sojin saman Indiya suka tashi daga Adampur suka kai hari sansanin Sargodha da ke Pakistan. Ɗaya daga cikin matuƙan, A. B. Devayya, bai dawo ba. Abokan tashinsa ba su ga abin da ya same shi ba, aka sa sunansa cikin waɗanda suka ɓace, magana ta kwanta. Sai a 1979, da wani marubuci ɗan Ingila, John Fricker, ya wallafa tarihin yaƙin kamar yadda sojin saman Pakistan suka ba shi, aka ci karo da bayanin wani Mystère da aka riga aka harba, amma ya juyo ya kakkaɓo F-104 Starfighter, jirgin da ya fi shi gudu nesa ba kusa ba, har matuƙinsa Amjad Hussain ya diro da lema. O. P. Taneja, wanda ya jagoranci harin, ya auna rana da wuri da lokaci, ya gane cewa yaronsa ne. A 1988 aka ba Devayya lambar Maha Vir Chakra, ta biyu a girma cikin lambobin jarumtar yaƙi na Indiya, shekara 23 bayan rasuwarsa.

Abu uku suka haɗu kafin gaskiyar ta fito: takardar ayarinsa, shaidar abokin gaba, da tsohon kwamanda mai rai wanda ya iya ɗinke su wuri guda. Da Taneja ya bar duniya kafin littafin ya fito, da shi ke nan. Wannan ne ya sa nake ganin Indiya ta juya lissafin abin da ya kamata ta fara yi. Tana da gidan tarihin sojin sama a Palam da ke Delhi, ta buɗe wata cibiya a Chandigarh a 2023, ta gina dandalin tunawa da mazan jiya a Delhi a 2019, tana kuma gyara tsofaffin jirage irin su Tiger Moth da Harvard da Dakota suna shawagi ranar biki. Duk suna da kyau. Amma ƙarfe zai iya jira shekara goma a rumfa. Tsoho ba zai jira ba, takarda ma ba ta jure damina goma a cikin akwatin da ke ƙarƙashin gado.

Lissafin shekaru kaɗai ya isa ya tada hankali. Arjan Singh, wanda ya jagoranci Ayari na 1 da jiragen Hurricane a Imphal a 1944, ya rasu a 2017 yana da shekara 98. Mahinder Singh Pujji, ɗaya daga cikin matuƙa Indiyawa 24 da suka tafi Ingila a 1940, ya rasu a 2010. Dalip Singh Majithia, wani matuƙin wancan zamanin, ya rasu a 2024 yana da shekara 103. 'Yan yaƙin duniya na biyu kusan sun ƙare. Wanda kuwa yake da shekara 25 lokacin yaƙin Indiya da Pakistan na 1971, a 1946 aka haife shi. Su ne suka rage, kuma ba a fafe gora ranar tafiya.

'Yan yaƙin duniyan nan sun faɗa wani rami na daban. Rundunar da aka kafa ranar 8 ga Oktoba 1932, wadda ta fara tashi a Afrilun 1933 da jiragen Wapiti huɗu a Drigh Road kusa da Karachi, a ƙarƙashin Turawan mulki ta yi yaƙin Bama. Bayan 1947 sabuwar ƙasa ba ta ɗoki yaƙin da aka yi wa Sarkin Ingila ba, rabuwar ƙasa gida biyu, Indiya da Pakistan, kuma ta raba abokan ɗaki: Asghar Khan, wanda ya yi yaƙin Bama da kakin sojin saman Indiya, daga baya shi ya shugabanci na Pakistan. Mai karatu Bahaushe ya san irin wannan mantuwar. A yankin Arakan na ƙasar Bama, inda kwamanda Mehar Singh da Ayari na 6 suke shawagin leƙen asiri, a nan sojojin Afirka ta Yamma na runduna ta 81 da ta 82 suka ratsa daji, Hausawa da yawa a cikinsu, kuma mafi yawansu sun koma ga Allah ba wanda ya zauna ya rubuta abin da suka gani.

Aikin kansa daga kundin tashi yake farawa. Kowane matuƙi yana da littafin da yake cikewa da hannunsa: kwanan wata, irin jirgi da lambar jikinsa, wanda ya tuƙa, aikin da aka fita yi, sa'o'in rana da na dare, sannan ƙarshen wata kwamanda ya duba ya sa hannu. A gefen shafi ne ake samun zinariya, inda saurayi ya rubuta da fensir cewa wane bai dawo ba, ko injin ya mutu a kan kogi. Ba a danna irin wannan littafi a kan gilashin na'urar sikanin, domin ɗinkin bayansa zai tsage. A jingina shi a buɗe rabi da rabi a kan matashi biyu, a kafa kyamara a sama, fitila biyu hagu da dama a karkace, ba walƙiyar kyamara. A ɗauki kowane shafi, har bango da shafukan da ba komai, don mai bincike na gaba ya tabbata ba a tsallake wani abu ba. Takardu warwatse a yi musu sikanin a kan ɗigo 400 a kowane inci, hotuna a kan 600, ƙananan hotuna a kan 1200, a launi ko da hoton baƙi da fari ne, a adana a tsarin TIFF. A juya bayan kowane hoto a ɗauka, don a nan ake rubuta sunaye.

Ɓarnar da ta fi yawa masu ƙauna ne suke yin ta. Jika ya ga takardar yabon kakansa tana yagewa, sai ya kai ta shago a yi mata laminatin. Zafi da gam sun shige ta ke nan, ba mai iya raba su. Salatif yana rawaya ya bar tabon da ba ya fita. Fil da ƙusar sitefila suna tsatsa su ci takarda. Albam mai shafin roba mai manne yana cinye fuskar hoto. Ga kuma yanayi: idan laimar iska ta wuce kashi 65 cikin ɗari, fumfuna za ta kama, ga gara da kyankyaso a gefe. Abin da ake so shi ne laima tsakanin kashi 35 zuwa 50, ɗaki mai sanyi a tsakiyar gida, nesa da bangon waje da rufin kwano, takardu a kwance cikin kwali marar asid. Fim ɗin kyamarar bindigar jirgi, mai faɗin milimita 16, idan aka buɗe gwangwaninsa aka ji tsami irin na binega, ya fara ruɓewa. A ware shi daga sauran, a kai shi a juya da wuri. Kwafi uku ake yi na komai, a kan ma'aji iri biyu, ɗaya a wani gari.

Kada iyali su ɗauka cewa miƙa wa hukuma kaɗai ya wadatar. A 1960 ma'aikatar sojin saman Ingila ta lalata mafi yawan kundayen tashin da ba wanda ya zo ya karɓa, ta ajiye 'yan kaɗan don samfuri. Kafin asali ya bar gida, kwafi ya zauna.

Sai hira, wadda ta fi komai gaggawa kuma ta fi sauƙin lalacewa. Zama ɗaya ba ya isa. A zama na farko tsohon soja zai ba ka labarin da ya saba bayarwa a wurin biki, wanda shekara hamsin na maimaitawa suka goge shi ya yi santsi. A zama na biyu da na uku, idan an buɗe kundin tashinsa a gabansa aka sa yatsa a kan wani layi, aka shimfiɗa taswirar wancan zamanin, sai abin da bai taɓa faɗa ba ya fito. Kowane zama kada ya wuce minti 90, da safe ya fi. A kashe fanka, a maƙala ƙaramin makirufo a wuyan riga, a naɗa a tsarin WAV. Sa'a guda mai inganci ba ta wuce rabin gigabait da 'yan kai ba, don haka babu dalilin matse murya. A fara da suna, lambar aiki, ranar hira da wuri. A bar shi ya yi harshen da ya ga dama, Punjabi ko Hindi ko Tamil ko Turanci, fassara ta biyo baya. Tambayar "yaya ka ji?" ba ta kawo komai daga irin waɗannan mutane. "Da ka leƙa hagu me ka gani?", "man nawa ya rage?", "wa ya ɗaure maka bel?" su ne suke buɗe baki. Idan ya yi shiru, a ƙyale shirun. Kuma a sa hannu a takardar yarda da ta fayyace abin da za a saki yanzu da abin da zai jira, domin dokar sirrin gwamnati ta 1923 tana nan da ranta, tsofaffin hafsoshi suna tsoronta, kuma suna da hujja.

Masu shakka suna cewa ƙwaƙwalwar ɗan tamanin ba abin dogaro ba ce. Gaskiya ne, yana haɗa fita biyu ta zama ɗaya, yana ɗora wa kansa abin da ya karanta daga baya. A kowane yaƙin sama kuma jiragen da aka ce an kakkaɓo sun fi waɗanda suka faɗi da gaske, ba don ƙarya ba, sai don mutum biyu sun harbi jirgi ɗaya, ko hayaƙin inji ya yi kama da gobara. Maganin wannan shi ne a jera muryar da takarda, ba tare da an gyara wa tsoho magana a cikin faifan ba. Kundin ayyukan ayari, wanda a zamanin Turawa ake cikewa a fom 540 da 541, yana ba da rana da lambar jirgi. Da yawa na ayarin Indiya na yaƙin duniya suna gidan adana takardu na Kew a Landan, cikin jerin AIR 27. Mai gwadawa ya kula da tarkuna biyu. Agogon Indiya yana gaban na Pakistan ta Yamma da minti 30, yana bayan na Pakistan ta Gabas da minti 30, don haka arangama ɗaya tana iya bayyana kamar biyu. Sunayen wurare ma sun canza: Akyab ta zama Sittwe, Lyallpur ta zama Faisalabad.

A nan ne nauyin gwamnati yake. Abin takaici ne ɗan Indiya ya fi samun sauƙin karanta abin da kakansa ya yi a 1944 daga Landan fiye da abin da babansa ya yi a 1965 daga Delhi. A Yunin 2021 ministan tsaro Rajnath Singh ya amince da tsarin da ya ce a riƙa cire wa takardun yaƙi hatimin sirri cikin shekara 25, a miƙa su gidan adana takardu na ƙasa. Tsarin ya yi daidai, sai dai tsofaffin yaƙe-yaƙe ba su buɗe kai tsaye ba, rahoton Henderson Brooks, binciken da sojin Indiya suka yi kan yaƙinsu da Sin na 1962, ma yana kulle. Ban ga sirrin da ya rage a jadawalin tashin jirgin Gnat ko Hunter ba, jiragen da suka bar aiki tun tuni. Iyalan sojoji 54 da Indiya ta lissafa a matsayin ɓatattu tun yaƙe-yaƙen 1965 da 1971, da yawansu matuƙa, su suka fi kowa haƙƙin ganin waɗannan shafuka. Da yawa daga abin da aka ceto zuwa yanzu 'yan sa-kai ne da cibiyar binciken tarihin soja ta United Service Institution suka ceto shi, da ƙaramin ƙarfi.

Kowa a Indiya ya san Nirmal Jit Singh Sekhon, wanda ya tashi da Gnat a Srinagar ranar 14 ga Disamba 1971 ya tunkari jiragen Sabre shida na Pakistan, shi kaɗai ne sojan sama da ya taɓa samun Param Vir Chakra, lambar jarumtar yaƙi mafi girma a Indiya. Wani ne ya ɗura wa jirgin nan mai cikin sanyin Kashmir, wani ya jera masa harsashi, wani yana hasumiya yana magana da shi ta rediyo. Kanikawa da masu ɗura makamai ba su da kundin tashi, sunayensu ba safai suke shiga kundin ayari ba, don haka idan ba a naɗi muryarsu ba babu wata takarda da za ta maye gurbinta. Haka matan da aka kawo wa telegiram, waɗanda galibi su ne suke riƙe da akwatin. A jerin waɗanda za a ziyarta, a sa su a layi ɗaya da matuƙan, a fara da wanda ya fi tsufa, a tafi da hotunan ayari da aka buga manya domin su nuna fuska su faɗi suna.