Gidan Makama na buƙatar abin da zai sa Bakano ya riƙa komawa

Duk wanda ya tashi a birnin Kano ya san gidan tarihi na Gidan Makama, ko da kuwa sanin wucewa ne a kan hanyarsa ta zuwa fada ko kasuwar Kurmi. Amma idan aka tambayi magidanta yaushe rabonsu da shiga, da yawa za su ce tun suna firamare, ranar da malami ya jera su aka zagaya da su. Wannan al'amari yana damuna ƙwarai, kuma a ganina ba daidai ba ne a ɗora wa jama'a laifin duka, a ce ba su damu da tarihinsu ba.

Ginin kansa ya isa a je dominsa. An gina shi a ƙarni na 15 saboda Muhammadu Rumfa, kafin ya hau gadon sarautar da ya riƙe daga 1463 zuwa 1499, kuma shi ne sarkin da ya kafa fadar da ake zaune a cikinta har yau, ya faɗaɗa ganuwa, ya assasa kasuwar Kurmi. Bayan Turawa sun ci Kano a 1903 sun yi amfani da gidan na ɗan lokaci, daga baya aka mai da wani sashe makaranta, wani kuma gidan tarihi a ƙarƙashin hukumar gidajen tarihi ta tarayya. Mai shiga zaure, idan ya ɗaga kai, zai ga yadda magina suka ɗaura azara bisa azara har rufin ya tsaya ba ƙarfe ba siminti, zai kuma ji sanyin da katangar tubali mai kauri ke riƙewa ko a tsakiyar bazara. A ciki akwai tsofaffin ƙyamaren ƙofofin gari, waɗanda aka lulluɓe da faifan ƙarfe, kusoshi jere a jikinsu, kowace ƙusa da alamar gudumar maƙeri. Akwai kayan yaƙi, akwai kayan kiɗa, akwai ɗakin amarya da jerensa irin na iyayenmu.

To me ya sa wanda ya gani sau ɗaya ba ya komawa? Amsar da na fi gamsuwa da ita ita ce, yana ganin ya riga ya gani. Manyan biranen da gidajen tarihinsu ke cika da 'yan gari sun daɗe da gane wannan, shi ya sa bayan kayan da ke ajiye dindindin suke shirya baje koli na musamman, na wata biyu ko uku, a kan batu guda, a sanar da ranar buɗewa da ta rufewa. Sanin cewa abin zai wuce shi ke tayar da mutum daga gida.

Kano kuwa ba ta rasa batutuwan da za a gina irin wannan baje koli a kansu ba. A ɗauki fataucin goro zuwa Gwanja, wanda Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari suka shahara a kai, tafiyar watanni da jakuna a ƙarƙashin madugu, wadda ta bar zango-zangon Hausawa a Ghana har yau. Alhassan Ɗantata, wanda ya rasu a 1955, daga wannan fatauci ya fito kafin ya koma cinikin gyaɗa bayan jirgin ƙasa ya iso Kano. Jikokin fataken nan suna cikin gari, kuma da wuya a ce gidajensu sun rasa wasiƙun ajami, ko ma'auni, ko tsohuwar jakar fata, ko labarin da kaka ta bar wa jika. A ɗauki rini, daga marinar Ƙofar Mata zuwa turkuɗin Kura da Buzaye ke naɗawa a hamada, a zo da marini da mabugi su yi aikinsu a gaban masu kallo. A ɗauki basasar Kano ta 1893 tsakanin Tukur da Yusufawa, wadda matasa da yawa ba su taɓa jin bayaninta a natse ba. Kuma tun da UNESCO ta sanya hawan Sallar Kano cikin jerin al'adun duniya a Disambar 2024, babu abin da ya fi dacewa kamar a baje lifidi da sulke da kayan doki a makon Sallah, lokacin da gari ke cike da baƙi.

Ba sai an je Landan ko Faris neman misali ba. Gidan tarihin Bubu Hama da ke Yamai, wanda aka kafa a 1959, ya haɗa ɗakunan kayan tarihi da gidan namun daji da rumfunan dukawa da maƙera da masaƙa masu aiki a wurin, don haka iyalai ke zuwa yini can da 'ya'yansu.

Na san za a ce babu kuɗi, kuma gaskiya ne gyaran ginin ƙasa bayan kowace damina yana cin abin da ake da shi. Sai dai baje kolin da aka gina da kayan aro ya fi buƙatar amana a kan kuɗi. Iyalin da za su fito da Alƙur'anin da kakansu ya rubuta da hannu suna son takardar yarjejeniya, da akwatin gilashi mai kulle, da sunan gidansu a jikin allon bayani, da tabbacin ranar da za a mayar musu. Idan aka cika wannan alkawari sau ɗaya, gida na biyu zai kawo nasa da kansa. Wasu kuma suna ɗari-ɗari da gidan tarihi saboda zaton wurin ajiye gumaka ne. Wannan zato yana gushewa idan mutum ya ga cewa babban rabo na tarihin Kano, tun zuwan Wangarawa a zamanin Sarki Yaji har zuwan malamin nan Shehu Magili wajen Rumfa, tarihin malamai ne da allo da tawada.

Sai maganar harshe, wadda ta shafi gidajen tarihin ƙasar nan gaba ɗaya, inda Turanci ya mamaye allunan bayani. Dattijuwar da ta san sunan kowace tasa a ɗakin amarya ta cancanci ta karanta, ko a karanta mata, da Hausa, boko da ajami. Masarauta, da hukumar tarihi da al'adu ta jiha mai mazauni a Gidan Ɗan Hausa, da sashen tarihi na Jami'ar Bayero, da attajiran kasuwannin Kwari da Singa, za su iya haɗa kai da hukumar tarayya su ɗauki nauyin baje koli biyu a shekara, a sa ranakunsu a rediyo tun wata guda kafin buɗewa.