Filogin ɗin tef: a sa wa bes da kalangu, a raba mu da kukan kaset

Abin da ake yayi yanzu a situdiyoyin Katsina shi ne filogin ɗin tef, wato 'yar manhajar da ake ɗora wa sauti a kwamfuta don ya fito kamar an ɗauke shi a kan tef. Ka leƙa wajen yaran nan masu haɗa kiɗa a kwamfuta, ko ta Ƙofar Ƙaura ne ko Sabon Layi ko can Daura, za ka tarar an gama miksin an ɗora filogin irin J37 ko Kramer Master Tape a kan masta, wato layin ƙarshe da duk waƙar ke haɗuwa, an murɗe shi ya kusa ƙurewa, in ka tambayi dalili sai a ce maka ai ɗumi yake ba waƙa, irin na kaset ɗin da. Ni ina cikin masu ganin kayan nan suna da amfani a kiɗanmu, amfani ma babba, amma ba ta wannan hanyar ba kuma ba don wannan dalilin ba.

Shi tef na asali zare ne da aka shafe da garin ƙarfe, kan na'ura yana rubuta mashi sauti da maganaɗisu. Jamusawa suka fara fito da shi, kamfanin AEG ya nuna Magnetophon a Balin a 1935, bayan yaƙin duniya na biyu Amurkawa suka ɗauka, Ampex ya fitar da tasa na'urar a 1948. Abin da ya shafe mu a nan shi ne garin ƙarfen nan yana da iyakar abin da zai iya ɗauka, kuma ba ya kaiwa iyakar farat ɗaya. Kamar danna auduga ne a buhu, kana ƙara dannawa tana ƙara matsewa tana karɓa har dai ta ƙi. Kwamfuta ba ta san wannan ba, da sauti ya wuce sifili a mita sai ta datse mashi kai kawai, shi ne tsatsagewar nan da kake ji a waƙoƙi da yawa in mawaƙi ya ɗaga murya. Matsewar da tef ke yi a hankali ita ake ce wa sachureshan, tana danne kaifin bugu, tana ɗan rage tsinin sama, sannan tana haifar da wasu sautuka a saman na asali, galibi ninki uku da ninki biyar ɗinsa. Filogin lissafi ne kawai da ke kwaikwayon wannan.

To a nan amfanin yake, kuma ina so masu miksin su tsaya su yi tunani a kai. Wa ke jin waƙarmu, kuma da me? Ba a falo mai manyan lasifikoki ba. A waya ake ji, a ƙaramar bulutut ta mai shayi, a cikin Napep, an tura ta WhatsApp ko Xender ko mai turi a kasuwa ya zuba a memori. Lasifikar waya ba ta iya fitar da sautin ƙasa, bes ɗin da ke kaɗawa a 60 Hz wallahi babu shi a waya ko ka ƙara mashi ƙarfi har ina, sai dai ya cinye maka wuri a masta ya sa limita, mai hana sauti wuce iyaka, ta yi ta danne murya. Amma in ka ratsa shi ta tef sai ya haifi 180 da 300 a samansa, waɗannan ƙaramar lasifika ta fi iya kamawa, kuma kunnen ɗan Adam in ya ji su yakan cike gurbin na ƙasan da kansa. Wato bes ya bayyana a waya ba tare da ka ƙara shi ba. Ko wannan kaɗai filogin ɗin ke yi, ya ci a koye shi da kyau.

Sai kalangu, wanda duk wanda ya taɓa ɗaukarsa da makirfo ya san wahalarsa. Bugun makaɗi yana zuwa da tsini mai kaifi, mita ta yi tsalle, amma jikin sautin, wato maganar da gangar ke yi in an matse tsirkiya, yana can ƙasa. Ka ɗaga shi don a ji maganar, tsinin ya tsaga. Ka sa kwamfuresa mai sauri don ta danne tsinin, rai ya fita daga kiɗan. Tef yana aske kan tsinin nan ne kawai ya bar jikin, sai ka samu damar ɗaga gangar ta zauna gaba. Haka ƙwarya, haka tafi, haka kayan asharalle in an shigo da su situdiyo. Hatta hai-hat ɗin fiyanon Yamaha da muryar da ta sha otutun, mai miƙar da karin murya, har take sukar kunne, tef kaɗan yana sassauta su fiye da yadda za ka yi ta yanka da ikwalaiza kana kashe hasken waƙar gaba ɗaya.

Inda na rabu da yaran shi ne maganar kaset. Na'urorin da filogin ɗin nan ke kwaikwaya, irin su Studer A800 da Ampex ATR-102, ba su da alaƙa da kaset ɗin da muka taso da shi. Studer A800 tef mai faɗin inci 2 take ja da layi 24, a gudun inci 15 ko 30 a sakan ɗaya. Kaset da Philips ya fito da shi a 1963 zarensa bai kai milimita 4 ba a faɗi, gudunsa bai kai inci 2 a sakan ba, ga shi namu kwafi ne daga kwafi daga kwafi, a rikodar da kanta ya ci ƙurar hunturu. Shuuu ɗin nan da dushewar murya da rawar sauti duk lalacewa ce ta hanya. Mamman Shata, Allah ya jiƙansa, da ke kwance a Daura tun 1999, abin da ke riƙe mutum a waƙarsa murya ce da magana da makaɗan da suka san inda za su shiga da inda za su yi shiru, kuma duk mai son sa da zai samu ɗaukar da ta fi tsabta da gudu zai karɓa. Yaro ya zauna da kayan aiki masu tsabta ya ƙara wa waƙarsa kukan kaset da gangan yana ganin ya kusanci magabata, ni abin yana ba ni takaici gaskiya.

Akwai ma maɓallan da nake ganin a kiɗan Hausa a bar su a kashe sai da dalili mai ƙarfi, su ne na rawar tef, masu kwaikwayon yadda injin na'urar ke jan zare ba daidai ba har sauti ya riƙa hawa da sauka. A wasu kaɗe-kaɗen ana son wannan. Mu kuwa harshenmu da karin sauti yake rarrabe kalma, kalangu da hawa da saukar nan yake kirari, ka zo ka ɗora mashi wata rawar da makaɗi bai yi ba. In kuma ka sa filogin ɗin kafin otutun a layin murya to ka haɗa su faɗa, ɗaya na karkatarwa ɗaya na miƙarwa. A gyara murya tukuna, tef ya biyo baya.

Babbar yaudarar dai ita ce ƙara. Yawancin filogin ɗin nan da ka ɗora su sauti yake ɗan ƙaruwa, kunne kuma duk abin da ya fi ƙara shi yake zaɓa ko da bambancin bai wuce dB ɗaya ba, sai mutum ya rantse waƙar ta gyaru alhali ƙara kawai ta yi. Maganin ba wuya, in ka ƙara na shiga ka rage na fita har mita ta nuna daidai da yadda take kafin ka kunna shi, sannan ka kashe ka kunna ido rufe, ko ka sa wani ya danna maka ba tare da ka san wanne ne ba. Da yawa za ka ga cire shi ya fi. Kuma galibinsu an saita su ne su karɓi sauti a wajajen -18 a mitar kwamfuta, mu kuwa a FL Studio kowane layi ja yake tun kafin a fara miksin, to in ka tura mashi wannan ba ɗumi zai ba ka ba, laka zai ba ka, kik ya yi laushi, sautin tsakiya ya cunkushe. Rage layukan tukuna. Gudun tef ɗin ma a gwada, 15 ya fi cika ƙasa ya fi tausasa sama, 30 ya fi tsabta, ni a bes da ganguna 15 nake farawa da shi, a masta kuwa in ma zan sa to 30 ne kuma kaɗan ƙwarai.

Na san akwai manya a harkar da ke cewa duk wannan ɓata lokaci ne, wai matsalarmu ɗaki ne da ba a gyara ba, da ƙarar janareta, da mawaƙin da ke son a gama waƙar biki cikin awa biyu. Suna da gaskiya rabi. Muryar da ta tsage tun wajen ɗauka babu Studer ɗin da zai ɗinke ta, kuma tef yana ƙara fito da amsa-kuwwar ɗaki da kukan fanka ne saboda yana danne mai ƙarfi ya ɗago marar ƙarfi. Katifa da bargo a bango sun fi kowane filogin amfani ga mai farawa, wannan ba gardama. Amma wanda ya gyara ɗaukarsa har yanzu waƙarsa a waya za a ji ta, matsalar bes da tsinin kalangu tana nan tana jiransa.

Maganar kuɗi kuma, don na san abin da ke sa ake sauke na sata masu kashe kwamfuta ana tsakiyar aikin mutane. Ba dole ba ne. Chow Tape Model kyauta ne, Jatin Chowdhury ya rubuta shi ya sake wa kowa, ToTape na Airwindows shi ma kyauta, mai Cubase yana da Magneto a ciki, mai FL Studio ko Fruity Soft Clipper ya riƙe zai aske mashi tsinin ganga duk da ba tef ba ne. Sai dai Chow yana cin ƙarfin kwamfuta in ka ɗaga ingancinsa, don haka mai ƙaramar laftof ya tara gangunansa a bos guda, wato layi ɗaya da ke haɗa su, ya sa ɗaya a kai, bes ya samu nasa, in an gamsu a fitar da layin a matsayin odiyo a kashe filogin ɗin, amma a ajiye busasshen layin na asali a fayil daban, don ranar da mai waƙa zai dawo ya ce a rage.