Ba sai ka sayi faifan ba kafin ka gwada manhajarka

Matasanmu da dama masu rubuta manhaja a Kaduna na ɗauka cewa ba za su san ko aikinsu zai gane wani baƙon faifan ajiya ba sai sun sayo shi, ko sun je aro wajen masu gyaran kwamfuta a titin Ahmadu Bello. Wannan asarar kuɗi ce kawai.

Yawanci matsalar daga suna take. A Linux, babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta, sunan faifan farko yawanci sda ne, sunan kasonsa na farko (idan an raba faifan kashi-kashi) kuma sda1. Amma idan sunan faifai ya ƙare da lamba, ana saka harafin p a tsakani: nvme0n1p1, mmcblk0p1, ko cciss/c0d0p1 na tsofaffin manyan kwamfutocin HP. Manhajar da ta saba liƙa lamba kawai a ƙarshen suna, a nan take tuntuɓe.

Ga yadda za ka gwada ba tare da saye ba: ƙirƙiri fayil, ka raba shi kaso-kaso, ka yi amfani da umarnin losetup -P ka mai da shi faifan kwaikwayo, wanda ake kira loop, sai loop0p1 ya bayyana. QEMU kuma, manhajar da ke kwaikwayon kwamfuta, yana kwaikwayon faifan NVMe (mai suna irin nvme0n1p1), kyauta. Idan sunan cciss kake so, umarnin mknod zai ɗora shi a kan loop ɗin nan. Auna gudun faifai ko zafinsa kuwa, wannan sai da ainihin ƙarfen.