Kafin a ɗora sola a rufin asibitin 'yan mazan jiya, a fara leƙa ɗakin tukunyar tururi

Duk sanda aka tashi maganar kare muhalli a ma'aikatun gwamnati, hoton da ake fara haskawa shi ne faifan sola a jere kan rufi. Ni a ganina sola ce ya kamata ta zo daga ƙarshe, kuma abin da ya faru a Ma'aikatar Kula da Tsoffin Sojoji ta Amurka, wadda ake kira VA, ya isa hujja.

Ma'aikata ce mai manyan asibitoci kusan 170, da ƙananan wuraren shan magani sama da 1,000, da maƙabartu sama da 150, kuma 'yan mazan jiya kimanin miliyan 9 ne ke da rajista da ita. Asibiti ba ya barci. Dare da rana wuta na ci, ruwan zafi na zagayawa, na'urorin sanyaya ɗakuna na aiki. Ɓarna kaɗan a irin wannan wuri, idan ta shekara, kuɗi ne masu kauri.

A Little Rock ta jihar Arkansas an kashe kimanin dala miliyan 8 wajen kafa dubban faifan sola. Suka daɗe suna shan rana ba a kunna su ba, saboda ba a kammala sharuɗɗan jona su da layin kamfanin lantarki ba, har aka kwance wasu don gina wurin ajiye motoci. A 2016 ofishin Sufeto Janar na ma'aikatar, wato mai sa ido kan yadda take kashe kuɗi, ya binciki ayyukan sola, ya tarar da jinkiri mai tsawo da raunin tsari. A St. Cloud ta Minnesota ma an kafa ƙatuwar fankar samar da lantarki daga iska a 2011 kan dala miliyan 2.3, ba ta yi wani aikin kirki ba, daga baya aka sauke ta.

Laifin ba na sola ba ne. Kafin a sayi faifai ko ɗaya, sai kamfanin lantarki ya auna ko layinsa zai ɗauki wutar, ya faɗi irin na'urar kariya da yake buƙata, a sa hannu a takarda. Sannan a duba taswirar gine-ginen da za a yi nan da shekara goma, a kuma duba shekarun rufin, don kada a ɗora faifan da zai shekara 25 a kan rufin da ya kusa yoyo. Wani abin da mutane da yawa ba su sani ba: solar da aka jona da layin gari ba tare da batir ba, ana ɗauke wuta inbatarta, wato na'urar da ke juya wutar sola ta zama irin ta layi, ke kashe kanta, don kada ta kama masu gyaran waya. Ke nan ba ta maye gurbin janareta a ranar da aka fi buƙatarta.

To ina ribar take? Tana ƙasa, inda ba mai zuwa ɗaukar hoto.

Yawancin tsoffin asibitocin nan da tururi suke ɗumama ɗakuna, su dafa ruwa, su tsabtace kayan tiyata. A jikin bututun akwai ɗaruruwan ƙananan bawul da aikinsu shi ne su fitar da ruwan da ya taru, su riƙe tururin. Idan ɗaya ya maƙale a buɗe, tururi ya dinga zurarewa ke nan ba wanda ya gani, tukunya kuwa ta ƙara shan gas. Ma'aikatar Makamashi ta Amurka ta ce inda aka yi shekara 3 zuwa 5 ba kulawa, kashi 15 zuwa 30 cikin ɗari na waɗannan bawul na iya lalacewa. Maganin ba wuya: a liƙa wa kowanne lamba, a bi su aƙalla sau ɗaya a shekara da na'urar sauraron sauti da ta auna zafi, a canza wanda ya mutu, a naɗe bututun da ke tsirara. Zuba wutar sola a ginin da ke yoyo haka, ɗibar ruwa ne da kwando.

Ɗakin tiyata ma haka. Ƙa'ida ita ce a sauya iskar ɗakin sau 20 a awa. Amma da tsakar dare, ɗaki ba kowa, ana iya rage gudun iskar, muddin matsinta a ciki ya ci gaba da fin na baranda, don kada ƙura da ƙwayoyin cuta su kutso. Sai a tabbatar ta koma daidai kafin a shigo da majinyaci. Iskar sa barci mai suna desflurane kuwa ta fi iskar kabon ɗumama duniya sama da sau 2,000, alhali wata iskar sa barcin mai suna sevoflurane na biyan buƙata a yawancin ayyuka da illa kaɗan. Wannan shawarar likitoci ce, ba ta buƙatar kwangila.

Inda nake jan kunne sosai shi ne ruwan zafi. Kada wani ya ce zai rage kuɗin gas ta hanyar sassauta zafin tanki. Ƙwayar cutar Legionella, mai kawo mummunan ciwon huhu, tana hayayyafa a ruwa mai ɗumi, tsakanin digiri 25 zuwa 45 a ma'aunin Salshiyas, musamman inda ruwa ke kwanciya. Shi ya sa ake ajiye ruwan tanki a digiri 60, a surka shi dab da famfo don kada ya ƙona dattijo. Famfo mai tsimin ruwa da ɗakunan da ba kowa su ma suna sa ruwa kwana a bututu, don haka dole a riƙa sakinsu a kai a kai. A asibitin VA na Pittsburgh cutar ta ɓarke a 2011 zuwa 2012, aƙalla mutum 5 suka rasu, kuma bincike ya nuna na'urar kashe ƙwayoyin cuta ta ruwan ba ta samu kulawar da ta dace ba. Mutanen nan sun tsira daga fagen daga. Bai kamata ruwan wanka ya zama ajalinsu ba.

Batun kuɗi, doka ta ba hukumomin tarayya damar ƙulla kwangila har ta shekara 25, kamfani ya yi gyaran da kuɗinsa, a biya shi daga rarar kuɗin makamashi da aka samu. Tarkon yana wajen awo. Idan ba a sa wa kowane gini mitarsa ba, ba a kuma rubuta abin da yake sha na shekara guda cur kafin a fara ba, rarar za ta tsaya a bakin ɗan kwangila kawai.

Umarnin da Shugaba Biden ya bayar a Disamba 2021, na cewa ma'aikatun gwamnatin tarayya su koma amfani da lantarki marar hayaƙi nan da 2030, an soke shi a Janairu 2025. Dokar makamashi ta 2007 kuwa, wadda ta wajabta binciken wuta da ruwa a manyan gine-ginen gwamnati duk shekara huɗu, majalisa ce ta yi ta, sa hannun shugaba ɗaya ba ya share ta. Da rahoton wannan binciken ya kamata shugaban kowane asibiti ya fara, ya tambayi injiniyansa gyara nawa aka yi daga cikin waɗanda aka lissafa.