Launin bangon shafi a Word: ba laifin firinta ba ne

Da yawa idan suka sa wa shafi launi a Word, takarda ta fito fara fat, sai su ce tawada ce ta ƙare ko firinta ta lalace. Ba haka ba ne. Word ba ta buga launin bango sai an umarce ta. A shiga File, sai Options, sai Display, a sa alama a Print background colors and images.

Idan har hotuna ma baƙi da fari suke fitowa, a duba Printer Properties, wataƙila an bar shi a kan Grayscale. Sai dai cika shafin A4 da launi yana shan tawada sosai, kuma yawancin firintocin ofis ba sa bugawa har bakin takarda, za a ga farin gefe.